Maktabatus Shamila a hannun malamin zaure

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, adaka uku ta littattafai ya bari. Ranar da muka buɗe su bayan sadakar arba'in, sai muka tarar gara ta riga mu shiga ta ukun, ta mai da rabin abin da ke ciki ƙasa. Abin da ya tsira shi ne Risala da sharhinta Samaruddani, da Askari, da Muhtasar rubutun hannu cikin gafakarsa, da Jalalaini, da Muwaɗɗa, da Ashafa, sai mujalladi biyu daga cikin huɗu na Hashiyar Dasuƙi. Da waɗannan ya yi shekara arba'in yana ba da karatu a zauren gidanmu, cikin birnin Katsina. In mas'ala ta cije masa, sai ya hau kekensa ya nufi gidan wani malami da ke da Mawahibul Jalil cikakke, ya zauna ya kwafo abin da yake nema a bayan takarda, ya dawo. Wani lokaci mai tambaya sai ya yi kwana uku yana jiran amsa.

Yau ni ne a kan buzun nan nasa tsakanin magariba da lisha, da safe kuma ina koyarwa a wata Islamiyya. A gefena akwai tsohuwar kwamfutar cinya wadda batirinta ba ya wuce minti arba'in in an ɗauke wuta, amma a cikinta akwai littattafan da mahaifina sunansu kawai ya taɓa ji. Maktabatus Shamila ke nan. Ɗalibai da malaman Islamiyya sun dame ni da tambaya a kanta, wasu suna ganin ta rage darajar karatu, wasu suna ganin ta ɗauke musu zama gaban malami. Na shekara goma da ɗoriya ina aiki da ita kusan kullum, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta Larabci wadda ta fara fitowa a 2005, kuma kyauta ce. Ina nanata wannan domin akwai masu tura karatu a waya a bakin kasuwa da ke karɓar kuɗi mai kauri kamar su suka rubuta ta. Ladan wahalarsu da wutarsu halal ne, amma ita kanta ba ta sayarwa ba ce, tana nan a shafin shamela.ws, ana iya karantawa a can kai tsaye ko a sauke ta a kwamfuta, akwai kuma ta waya. Ta ƙunshi dubban littattafai an kasa su fanni-fanni: tafsiri, matanonin hadisi da sharhohinsu, fiƙihun mazhabobi huɗu kowanne da sashensa, usulu, nahawu da sarfu, ƙamusoshi, tarihi da tarihin maruwaita. Ba hoton shafi aka ɗauka ba. Mutane ne suka zauna suka shigar da rubutun, shi ya sa ake iya neman kalma a cikinsu. Duk lokacin da na tuna yawan idanun da suka gaji a kan wannan aiki, ba tare da sun san akwai wani malami a Katsina da zai amfana ba, sai in yi musu addu'a.

Ni ta hannun wani abokin karatuna na same ta a 2014, lokacin da ya dawo daga Khartoum da ita a cikin ma'ajiyarsa. Tun bayan azahar muka fara kwafa, ba ta gama ba sai gab da magariba. Da muka buɗe sai alamomin tambaya suka cika fuskar kwamfuta, ba harafin Larabci ko ɗaya. Ashe tsohon tsarinta yana bukatar a sauya saitin harshe na Windows zuwa Larabci. Wanda zai sa tsohon tsarin ya riƙe wannan, ya kuma nemi 'yan takardun haruffan Larabci da ake mannawa a kan madannai, don in ba su zai sha wahala kafin ya haddace mazaunin kowane harafi. Da ta daidaita, abin da na fara nema shi ne Fathul Bari. Na sha tsayawa a shagunan littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano ina shafa mujalladansa goma sha uku, in tambayi kuɗi, in ji ya fi albashina na wata, in ajiye. Ranar nan ga shi a gabana. Ban yi barci ba sai wajen ƙarfe biyu.

Babban ƙarfinta bincike ne, kuma sai wanda ya sha wuyar tsohuwar hanya zai san girman abin. A da in kana neman hadisi ba ka san babinsa ba, sai ka nemi ɗakin karatun da ke da Mu'ujamul Mufaharas, wanda Wensinck ɗan ƙasar Holan da abokan aikinsa suka fara fitarwa a Leiden a 1936, mujalladi na bakwai bai fito ba sai 1969. Shekara talatin da uku, kuma littattafan hadisi tara kacal ya tattara. Sai ka mayar da kalma zuwa asalinta, ka bi ginshiƙan ƙananan rubutu da yatsa, ka samu alamar littafi da babi, sannan ka tashi neman littafin kansa. Yanzu kalma uku nake bugawa, kafin shayi ya huce sakamako ya jeru. Ina iya taƙaita neman a littafi ɗaya, ko a sashen fiƙihun Malikiyya kaɗai, ko in sake shi ya ratsa komai. Ana kuma iya jera sakamakon bisa shekarar rasuwar mawallafa, kuma wannan ya koya mini abin da ban zata ba. Sai ka ga magana ta fito a Mudawwana, ta bi ta hannun Ibn Abi Zaid mai Risala wanda ya rasu a 386 bayan hijira, Halilu mai Muhtasar ya dunƙule ta cikin kalma biyar, Haɗɗabi ya warware, Dardiri ya sake tsarawa, Dasuƙi wanda ya rasu a 1230 ya yi masa gyara. Tafiyar mas'ala ɗaya ta kusan shekara dubu a shafi guda.

Amma abin da na fi daraja shi a cikinta ba binciken ba ne. Katin littafi ne, wanda mafi yawan masu amfani da ita ba sa ma dubawa. Kowane littafi yana da shi a farko: sunan mawallafi da shekarar rasuwarsa, wanda ya yi tahƙiƙi, maɗaba'a, bugu na nawa, mujalladi nawa. A ƙasa kuma akwai ɗan layi da ke cewa lambobin shafi sun dace da bugaggen littafi, "muwafiƙun lil maɗbu'i", ko kuma ya gaya maka cewa na'ura ce ta sa lambobin, ba su dace ba. Wannan gaskiya ce da ake bukata a harkar ilimi. Wasu littattafan ma an haɗa su da hoton bugun na asali, ka danna ka ga shafin da idonka. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, in ya kwafi lambar shafi daga littafin da bai dace da bugu ba, laifinsa ne, don an riga an gaya masa.

Bari in ba da labarin abin da ya faru a zaurena shekarun baya, shi ne ya daidaita mini tunani a kan manhajar nan.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya zo bayan lisha. Ana shirin auren zumunci tsakanin ɗansa da 'yar ƙanwarsa, har an sa rana. Sai uwar yarinyar ta ce ita fa ta tuna ta taɓa ba yaron nono sau biyu ko uku, lokacin da mahaifiyarsa ke kwance ba lafiya, yana ɗan wata huɗu. Gida ya rikice. Kafin in buɗe baki, wani ɗalibina mai ƙwazo, wanda nake ƙauna saboda himmarsa, ya zaro waya ya yi 'yan danne-danne.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ga shi a Sahihu Muslim. Nana A'isha ta ce an saukar da shayarwa goma, sannan aka shafe da biyar. Tunda Gwaggo ba ta kai biyar ba, aure ya halatta."

Na ga fuskar dattijon nan ta washe. Hadisin kuwa ingantacce ne, yaron bai yi ƙarya ba. Na ce masa, "Ɗan nan, nemo mini wannan lafazin a Muwaɗɗa." Ya nemo. Na ce ya karanta, ya karanta, ya tsaya inda hadisin ya ƙare. Na ce, "Gangara layi ɗaya." Ya gangara, muryarsa ta yi ƙasa: Malik ya ce, "wa laisa ala hazal amal", wato ba a kan wannan ake aiki ba. Imam Malik da kansa ya ruwaito hadisin, kuma da kansa ya faɗi haka a ƙarƙashinsa. Na miƙa masa Risalar mahaifina, ya buɗe babin, ya ga inda Ibn Abi Zaid ya ce duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu yana haramtawa, ko da tsotso ɗaya ne.

Imam Shafi'i ya riƙi biyar ɗin, kuma babu mai hankalin da zai raina hujjarsa. Amma mutanen nan a ƙasar Malikiyya suke, in rigima ta tashi gobe a kan auren ko a kan gadon 'ya'yansa, alƙalin da za su je gabansa da Malikiyya zai yi hukunci. Kuma ko a nan maganar ba ta ƙare ba, don akwai batun shaida. A Muhtasar, maganar mace ɗaya ba ta tabbatar da shayarwa, sai dai an so a nisanci auren. In mata biyu ne kuma zancen ya riga ya bazu kafin ɗaurin aure, ta tabbata. A daren nan Shamila ce ta ba ni damar in duba Dardiri da Dasuƙi da Haɗɗabi da Mawwaƙ a zama ɗaya, abin da zai ci wa mahaifina kwana uku a kan keke. Duk da haka ban yanke ba. Washegari na ɗauki dattijon muka je wurin malamina, wanda ya haura tamanin. Ya saurara, ya ce a tambayi tsofaffin gida. Aka tambaya, sai ga wata kaka ta ce a gabanta aka yi, kuma an daɗe ana faɗa a cikin mata, maza ne ba su ji ba. Aka fasa auren kafin a kai lefe. An yi kuka, amma yau kowannensu yana ɗakinsa da 'ya'yansa, suna kiran juna yaya da ƙanwa.

Manhaja ɗaya ce a hannuna da hannun ɗalibina a daren nan. Shi abin da ya tambaye ta ta ba shi, daidai ba ragi. Ba za ta ce masa ya gangara layi ɗaya ba. Kuma haruffa take nema, ba ma'ana ba. In wata ta tambaye ka hukuncin nonon da aka tatsa aka ba jariri da cokali, kuma ba ka taɓa jin malami ya fassara maka "wajur" da "sa'uɗ" ba, wato abin da aka ɗura ta baki da wanda aka ɗura ta hanci, to ba za ka buga su ba, kuma amsar tana nan kwance a littafi ashirin ba za ka gan ta ba. Wanda ya biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a gaban malami yana da kalmomin da zai nema da su. Wanda bai biya ba, yawan sakamakon ma ruɗa shi zai yi, ya ɗauki na farko ko wanda ya dace da son ransa. Na sha ganin haka a muhawarorin Facebook, mutum ya jero sunayen littattafai goma da lambobin shafi, ka tambaye shi ma'anar jimlar da ta gabaci wadda ya kwafo, shiru.

Akwai wasu abubuwa da mai amfani da ita zai kiyaye. Tunda hannun mutum ne ya buga, ana samun kuskuren harafi, ɗigo ya faɗi ko kalma ta tsallake, kuma a Larabci "la" ɗaya in ta ɓace halal ya zama haram. Duk abin da zan faɗa a kan mumbari ko in rubuta wa wani, sai na gwada shi da hoton bugu ko littafin takarda. Kofe-kofen da ake yawo da su a filas, waɗanda aka cusa wa ƙarin littattafai barkatai don a ce sun fi yawa, su suka fi bukatar wannan taka-tsantsan. Alƙur'anin da ke ciki ruwayar Hafsu ne da ƙirgen ayoyi na Kufa, mu kuma da yawanmu da Warshu muka tashi. Baƙara aya 286 ce a can, a ƙirgen Madina da ke cikin mushafinmu 285 ce, don haka lambar aya takan goce da ɗaya ko biyu. Sannan duk ɗakin karatu yana da hannun wanda ya zaɓa. Wanda ya leƙa sashen aƙida zai ga ya fi karkata ga littattafan Salafiyya, ɓangaren tasawwufi kuma bai kai shi cika ba, ko da yake Ihya'u na Gazali da Risalar Ƙushairi suna nan. Kada ɗalibi, ko ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa, ya ɗauka abin da bai gani a Shamila ba babu shi a duniya.

Abu ɗaya kuma na lura da shi a kaina. Abin da na karanta a Risalar takarda ina tuna har gefen shafin da yake, da ɗan rubutun da mahaifina ya yi da jan tawada a kusa da shi. Abin da na samo ta bincike, in ban rubuta shi da hannu ba, bayan mako guda ya tafi. Saboda haka a zaurena ba a ɗaukar karatu da waya. Kowa ya zo da littafinsa, a biya, a fassara kalma-kalma kamar yadda aka yi mana. Shamila ta muɗala'a ce da muraja'a, wato nazari da bitar abin da aka riga aka biya, kuma ba na buɗe wa ɗalibi ita sai ya sauke Risala.

Ranar da ta fi taɓa zuciyata kuwa ita ce ranar da nake duba sharhohin Askari, sai na ci karo da As'halul Madarik. Na buɗe katin littafin, na ga sunan mawallafi: Abubakar bin Hasan al-Kashnawi, ya rasu a 1397 bayan hijira, mujalladi uku, bugun Darul Fikri. Bakatsine, wanda ya zauna a Makka, ga shi a jere ɗaya da Dardiri da Haɗɗabi, ɗalibi a Masar ko Indunusiya yana neman mas'ala zai faɗo a kan maganarsa. Na kira yarana na nuna musu. Akwai kuma Nailul Ibtihaj na Ahmad Baba na Tambutu. Amma in ka auna da abin da malaman ƙasar nan suka rubuta, kason namu a ciki ɗan kaɗan ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, da Sarkin Musulmi Bello, da Nana Asma'u, sun bar littattafai da waƙoƙi ɗaruruwa. Hunwick, wani Bature masanin rubuce-rubucen Larabci na Afirka, ya cika mujalladi guda a 1995 da sunayen rubuce-rubucen wannan yanki kawai. Da yawansu suna kwance a Arewa House ta Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da adakokin gidajen malamai irin wadda gara ta cinye mana. Ba na ganin laifin masu Shamila a nan. Sun buga abin da ya zo hannunsu. Mu ne ba mu buga namu ba, muna ta jayayya a kan wanda ya fi wani bin sunna, takardun kakanninmu suna ruɓewa.

Tsohon tsarin da ke kwamfutata yana karɓar rubutun Word ya mai da shi littafi, a bincike shi kamar sauran. Shi ya sa tun watan Muharram, duk Alhamis da ba karatu, ni da babbar 'yata muke zama mu buga Nurul Albab na Shehu. Ita ke bugawa don hannunta ya fi nawa sauri, ni ina karanta mata daga kofi biyu, ɗaya bugun kasuwa, ɗaya rubutun hannun kakanta. Da farko rubutun Magribi ya ba ta wuya, don fa'un ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, sai ta riƙa buga fa'un a wurin ƙaf. Yanzu ita ke kama ni in na tsallake layi. Da muka kai inda Shehu yake zargin malaman da ke tara ɗalibai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ta ɗaga hannu daga madannai ta ce, "Baba, sake karanta mini wurin nan." Na sake.

Makon jiya mun tsaya a wata kalma da kofin biyu suka saɓa, ɗaya ya kawo ta da wawun, ɗaya babu, kuma ma'anar tana sauyawa. Na sa mata alama da fensir. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kai wa malamina takardun biyu, don shi ya karanci littafin a gaban wanda ya karance shi a Sakkwato.